Salular Taubashina Bayan Sadakar Bakwai

Kwana tara da rasuwar taubashina, ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, salulata ta yi ƙara a aljihu. Ba na duba waya a cikin aji, amma ranar na duba, don tun makoki mutane ke ta kirana da gaisuwa. Ba kira ba ne. Sanarwa ce daga ma'ajiyar da muke tara aikinmu ni da shi, tana cewa ya turo sabon aiki minti ɗaya da ya wuce. Ga sunansa, ga ɗan hotonsa da ya ɗauka a bakin tafki da hula a karkace. Ni ne na shiga kabarinsa na karɓe shi da hannuna biyu, na jera itace a kansa. Na tsaya riƙe da alli, na manta lambar da nake rubutawa.

Ɗan kawuna ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, don haka tun muna yara ba ya kirana da sunana, sai "bawana". Makanikin injin ban ruwa ne, lakkol ɗinsa, wato karatun boko, bai wuce firamare ba. Ni na yi karatu a Maraɗi, can na koyi rubuta kod, wato umarnin da ake jera wa na'ura ta bi. Wata shekara na nuna masa kaɗan don in yi masa burga, sai ga shi cikin wata shida yana gyara mini kurakurai. Wannan abu ya daɗe yana cina, ban taɓa faɗa masa ba.

Aikin da ya haɗa mu ƙarami ne. Masu lambu a gefen tafkin Madarumfa suna da inji guda na tarayya, kuma kullum faɗa ake a kan wa ke da layin ban ruwa. Sai muka rubuta ɗan shiri da ke aika wa kowa mesaj, wato saƙon waya, da safe: yau kai ne, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, ta mutu tun kafin mu fara, shi kuma bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Duk abin da muka rubuta, da babban yatsa muka rubuta shi a kan salula, shi a rumfar gyaransa hannu duk baƙin mai, ni a ƙarƙashin dalbejiyar lakkol lokacin hutu.

Mutum biyu ba za su yi ta rubutu a takarda ɗaya ba tare da tsari ba, don haka muna amfani da abin da ake kira git. Akwai ma'ajiya guda a intanet. Kowa na da kwafin aikin a wayarsa. In ka yi gyara sai ka ɗaure shi wuri ɗaya, ka liƙa masa ɗan bayani, na'ura ta sa sunanka da ranar da ka rubuta, sannan in ka sami rezo, wato sabis na waya, ka tura. Taubashina ya ƙi kalmomin Turawa. Ma'ajiyar ya sa mata suna rumbu, kowane gyara kuma dami. Bayanin da ake liƙawa ya kamata ya faɗi abin da aka gyara, amma mu wurin tsokana muka mai da shi. Ya kan rubuta, "Na share kashin da bawana ya bari a layi na talatin." Ni kuma in mayar masa da, "Makaniki ya koma ga sipana." Kowa na da reshensa a rumbun, inda yake tara nasa dami, sai an gama a haɗa su da babban aiki.

Wurin haɗawar nan ne wuya take. In mun taɓa layi ɗaya mu biyu, na'ura ba ta zaɓa, sai ta jero nawa da nasa ta ce mu raba gardama. A babban allo abin da sauƙi. A salula kuwa layi shida kake gani a lokaci guda, ka ja sama ka ɓatar da ƙasa, yatsanka ya share alamar baka guda ba ka sani ba komai ya tsaya. Ni ba ni da haƙuri ko da abin da ya fi wannan sauƙi.

A bazarar nan tafki ya ja baya sosai. Masu lambun da ke can nesa da bakin tafkin suna samun ruwa sai rana ta take, lokacin tiyo ya yi zafi, injin ya gaji. Taubashina ya ce zai juya tsarin, na nesa su fara. Sati uku yana aikin, dami goma sha ɗaya ya tura a reshensa. Ni ma a nawa ɓangaren na sake fasalin wurin da ya taɓa, ba tare da na gaya masa ba. Ranar da na zauna haɗawa, gardama ta tashi a kusan kowane shafi. Awa biyu ina fama, gumi na ɗiga a kan gilashin waya, ba kuran, wato wutar lantarki, balle fanka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk inda na fahimci nasa, na ga ya fi nawa. Sai na tura nawa a matsayin babban aiki, na je reshensa na goge shi daga rumbu gaba ɗaya. Dannawa biyu ce.

Da la'asar ya zo ya same ni a ƙofar gida. Bai zauna ba.

"Bawana, ina reshena?"

"Na share shi. Shirme na, ya cika mini wuri."

"Sati ukku hwa."

"Ai kana da shi cikin salularka. Ka jiƙa ka sha."

Na jira ya rama, don haka muka saba. Bai rama ba. Ya dube ni, ya kaɗa makullin babur ɗinsa a yatsa, ya ce, "To, Mushe." Bai taɓa ce mini Mushe ba, 'yan lakkol da iyayensu ne ke kirana haka, don haka ake ce wa malamin boko a wajenmu. Ya hau babur ya tafi.

Kwana biyar ba mu yi magana ba. Na san ni ne da laifi, amma na ce bari ya huce ya fara tsokanata, in lallaɓa in shige ta nan ba sai na ba da haƙuri ba. A rana ta shida ya kwanta da ciwon kai da wuya. Ina jin labari na ce zazzaɓi ne, gobe na leƙa. Goben ta zo na ce jibi. Ranar da na je, an riga an ɗauke shi zuwa likita a Maraɗi, sanƙarau ne. Ban same shi da rai ba. Kalma ta ƙarshe da na faɗa masa a duniya ita ce ya jiƙa ya sha.

Wannan ne mutumin da ya turo mini aiki ina gaban allo. Na sallami aji kafin lokaci, na zauna a benci na buɗe rumbu. Reshen da na goge ya dawo, da dami guda a cikinsa. Bayanin ya ce, "Bismillah. Na nesa su fara sha."

Na ce wa kaina wata tangarɗar rezo ce. Bayan kwana biyu, da hantsi, na biyu ya shigo. "Bawana na barci, ni ina aiki." Ranar kuwa Lahadi ce, ina kwance a tabarma. Na tashi zaune na duba bayana, ba kowa sai kaji.

Na san bayanan nan, na taɓa karanta su kafin in goge, kuma ranar da ke jikin kowane dami tsohuwa ce. Na ga wannan da idona. Amma sanin bai hana tsigar jikina tashi ba, don dami ba ya tashi daga waya ya shiga rumbu da kansa, sai wani ya tura. Na uku ya zo ina alwala. Na huɗu ya same ni a bakin tafki, inda na je duba injin da yanzu ba mai gyara shi. Tsakar rana ce, ba iska, ruwan ya kwanta fari fat, ba ko masunci ɗaya. Daga inda nake ina hango ɗaya daga kaburburan waliyyan da ke kewaye da tafkin, wanda tun muna yara ake hana mu nuna shi da yatsa. Wayar ta yi ƙara. Na ciro, na karanta: "Na ga abin da ka yi." Na san kuskuren da yake nufi, wata waƙafi ce da na manta wata guda baya. Duk da haka na baro takalmina ɗaya a laka, ban koma ɗauka ba sai da na samo wanda zai raka ni.

Tsoro in ya daɗe a cikina fushi yake komawa. Na ce lallai wani ke wasa da ni, na tafi wurin ƙanen mamacin a tasha, inda yake lodin motocin da ke zuwa iyaka. A gaban mutane na tare shi.

"Kai ka taɓa salular yayanka?"

"Wace salula? Tana cikin akwati ɗakin matarshi. Ba a taɓa kayan mamaci ba a raba gado ba, kai ma ka sani."

"Wani na buɗe ta."

"Wa ka iya buɗe ta? Da zanen yatsa ya kulle ta, ko matarshi ba ta san shi ba. Juma'a mai zuwa malam zai zo a raba. In ta hwaɗo mini, Maraɗi za ni kai ta a wanke ta tas."

Na dawo gida da abu biyu a kai. Na ɗaya, wayar a kulle take cikin akwati amma tana turo aiki. Na biyu, nan da Juma'a ana iya goge duk abin da ke cikinta. Dami goma sha ɗayan ba su ne damuwata ba, ko da yake masu lambu na bukatarsu. Abin da ke hana ni cin tuwo shi ne, suna zuwa bi da bi daga mafi tsufa, kowane ɗaya yana matsowa kusa da ranar da na goge masa aiki. Ina so in san ko akwai na goma sha biyu. In ya rubuta wani abu bayan faɗanmu, a can zan ga ko ya mutu yana riƙe da ni. Ina son sani, ina kuma tsoron sani.

Matata ce ta warware mini. Tana zuwa taya matar mamacin zama, tun da ta shiga takaba ba ta fita. Ranar da na biyar ya shigo, ta dawo ta tarar da ni na kifa wayar a ƙarƙashin ƙwarya na zauna nesa da ita. Ta tambaya, na faɗa mata duka, har da abin da na yi masa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ta ce, "Da hantsi ya shigo? Ai da hantsin nan ina wurinta. Ta fiddo salular ta kunna. In ta kunna hotonshi ka fitowa, shi da ita ranar sunan ɗiyarsu. Ta duba, ta duba, ta kashe ta maida. Ta ce kar in gaya ma kowa."

Sai a lokacin na tuna. Rezo a rumfarsa ba ya riƙe komai mai nauyi, turawa ta kan yanke a tsakiya. Ya taɓa yi mini alfahari cewa ya rubuta wata 'yar dabara: duk lokacin da aka kunna wayar, za ta leƙa rumbu, ta ga mafi tsufan damin da babu a can, ta tura shi shi kaɗai. Ya ce haka ake loda amalanke, ɗaya bayan ɗaya. Na yi masa dariya a lokacin, ban ko duba ba. Shi ba ya kashe waya sai in yana son turawa. A kwanakin fushinmu bai kashe ta ba ko sau ɗaya, da reshen ya dawo tun yana da rai. Na ji sauƙi, amma ba sauƙin da na zata ba. Ba aljani ba ne, mace ce ke kewar mijinta. Duk da haka aikin hannunsa ne ke tashi duk sanda ta taɓa, yana yin abin da ya umarce shi, shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

Ranar Alhamis da safe na sayi forfe, wato kuɗin intanet, na tura wa lambarsa, don kada ya ƙare a tsakiya. Mai shagon ya karanta lambar, ya ɗago ya dube ni. Muka tafi gidan mamacin ni da matata. Ta shiga ɗaki, ni aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, labule tsakaninmu. Da can matar nan ba na shiga gidan ban ce mata "matarmu" ba, ita kuma ta ce in fara biyan kuɗin cefane. Amma a ranar nan, gaisuwar ta'aziyya muka sake yi kamar baƙi.

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce akwai aikin masu lambu a ciki, kuma duk kunnawa guda na fitowa. Na roƙe ta ta kashe ta kunna, har su ƙare.

"Mushe, ba ta da lahiya hwa," in ji ta daga bayan labule. "Batirin ya kumbura, bayanta har ya ɗaga. Jiya sai da nid danna sau ukku ta kama. Shi ya sa ba ni daɗewa."

Na ji abin da ta faɗa sarai. Na san kowace kunnawa na cin ran wayar, na kuma san hoton da ke fuskarta babu shi a wani wuri. Na ce, "Gobe za a raba, ko yaya dai rabuwa za ki yi da ita." Gaskiya ce, amma ba don gaskiyar na faɗa ba.

Ta ce, "Duk abin da ya rubuta ciki zai hito?"

"Duk wanda ya ɗaure zai fito."

"To."

Na ji ɗan kiɗan da wayarsa ke yi in ta tashi, wanda na sha ji a rumfarsa. Muka jira. Gidan shiru, ko akuya ba ta motsa ba. Can wayata ta yi ƙara a hannuna. Na shida. Ta kashe, ta kunna. Na bakwai. Haka muka yi ta yi, kiɗa a cikin ɗaki, shiru, sannan ƙara a waje, kamar yana fitowa daga ɗakin yana tsallake labule ya zo wurina. A na tara wayar ta ƙi tashi, sai da matata ta ɗora ta a kan randa ta huce. Na goma ya ce, "Bawana zai ga aiki ya yi kuka." Na sha ɗaya ya ce, "An gama. Saura haɗawa, Allah ya ba bawana haƙuri." Ranar da ke jikinsa ita ce jajibirin faɗanmu.

"Sun ƙare?" in ji ta.

Aikin masu lambu ya fito duka. Da na ce e, da ta mayar da wayar akwati da sauran ranta, ta sake ganinsa da yamma, ta sake gani gobe da safe kafin malam ya zo. Na ce, "Ƙara ɗaya."

Wannan karon ta daɗe. Ina jin tana dannawa tana salati a hankali. Kiɗan ya fara, ya sarƙe, ya ƙarasa da ƙyar. Na ƙura wa wayata ido har gilashin ya yi duhu na sake taɓa shi. Sai ta yi ƙara.

Na goma sha biyu haɗawa ce. Ya ɗauko nawa da na tura da ƙarfin tsiya, ya zauna ya bi gardamar nan shafi-shafi, wadda ta gagare ni awa biyu, ya raba ta. Inda nawa ya yi daidai ya bar nawa, inda nasa ya fi ya sa nasa, bai share mini layi ɗaya don ramuwa ba. Bayanin gajere ne: "Na haɗa naka da nawa. Bawana, ka zo ka gaishe ni, kaina na ciwo." Na duba ranar. Rana ta biyu ce da kwanciyarsa, ranar da na ce jibi.

Ban san na yi sauti ba sai da matata ta ɗaga gefen labule ta leƙo. Ya yafe mini, wannan na samu, ga shi a rubuce da sunansa. Ya kuma kira ni ta hanyar da ya san ni kaɗai zan gani, sai dai bai sami ƙarfin kashe wayar ya kunna ba, ko kuwa ya ɗauka zan zo kafin a bukaci haka.

Matarsa ta yi magana, muryarta ta matso kusa da labule.

"Wanga na ranar Talata na? Ranar nan da azahar ya ce in miƙo mishi ita. Ido bai buɗuwa sosai, wuya bai juyawa, amma ya daɗe yana dannawa. Nic ce ya bari, ya ce saura kaɗan. Tun ran nan nike cewa wani abu ya bar mini ciki. Karanta mini, Mushe."

Na karanta mata yadda yake, ban ƙara ba ban rage ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ni hwa? Bai ce komi ba?"

Na ja rubutun sama, na ja ƙasa, ko da yake na san babu. Ƙarya ta zo mini har bakin harshe, mai sauƙi, kalma uku ta isa. Na kasa ɗora masa abin da bai faɗa ba. Na ce, "A nan babu. Wataƙila akwai wani a baya, ki ƙara kunnawa."

Na ji tana dannawa. Ta danna, ta jira, ta sake dannawa. Matata ta karɓa ta ɗora a kan randa, suka jira, suka gwada. Aka kawo caja daga maƙwabta aka jona da batirin hasken rana. Har aka kira azahar kiɗan bai sake tashi ba.

Daga baya hannunta ya fito ta ƙarƙashin labule ya ajiye wayar a gefen tabarmata, baƙa ƙirin, bayanta a ɗage.

"Ba komi," in ji ta. "Kai ne abokin hwaɗanshi."